Murhun jin ɗumi mai baki uku: wane gilashi, wace raga?

Baban Hadiza (Tahoua):
Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da sanyi. Shawara nike nema, kuma zan ɗan ja maganar don ku gane inda ta taso.

Tsohuwata ta haura shekara 80, kuma in hunturu ya kama ƙafafunta ba su barinta kwana. Abin da ta saba da shi tun muna yara shi ne kaskon garwashi cikin ɗaki, a rufe ƙofa a toshe taga. Bara cikin watan Janairu munka iske ta da asuba ba ta iya tashi, kai na sara mata, tana amai. Allah ya sa jikanyarta ta shiga da wuri. Tun rannan na hana kaskon, amma ban ba ta abin da za ya maye mata shi ba. Ina ganin tana shan wuya, ba ta dai faɗi.

Da nike aikin gidana nan unguwar Koweit sai na tuna da murhun da na gani lokacin da nike zaune Aljeriya, wanda a ke ginawa jikin bango da bututun hayaƙi har sama, shemine. Na sa magini ya yi min irinshi cikin bangon da ya raba falo da baranda. Baki uku gare shi: guda na kallon falo, guda na kallon baranda, na ukun ƙarami ne, shina kallon lungun da ke zuwa ɗakin Inna. Nufina ita ta zauna ciki ta ji ɗumi, mu da baƙi muna waje muna shan shayi, wuta guda ta ishe mu.

Shekaranjiya munka gwada. Hayaƙin da ya bi bututu kaɗan ne, sauran duk ya cika falo, sai da munka fitar da Inna tsakar gida. Ga tartsatsi kuma, ya huda min kafet wuri uku. Magini ya ce gilashi za a sa ma bakunan, in tafi wurin masu tagogin alminiyom su yanko min mai kauri. Kafin in fidda kuɗi na ce bari in tambayi waɗanda sunka fi ni sani. Wane irin gilashi? Duka ukun za a rufe? Ko raga kaɗai ta isa?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya ba ka masu yi maka. Ni ban san gilashi ba, amma dai kada ka sake kunna shi Inna na ciki sai an gyara.

Mai Walda Katako (Yamai):
Alhaji kada ka je wurin masu tagogi. Ina roƙonka. Gilashin taga ko ya kai kaurin yatsa wuta ba ta kallon kaurinsa. Tsakiyarsa za ta yi zafi ta buɗa, gefen da ke cikin ƙarfe yana nan da sanyi, sai ka ji ƙas ya tsage tun daga sama har ƙasa. Mai kaurin ma ya fi saurin yi. Na taɓa yi wa wani mai gasa kaji akwatin nuna kaya da shi, garwashi ma nesa yake da gilashin, bai yi sati ba ya fashe.

Mai Gilashi (Wadata, Yamai):
Gaskiya ne, na taga ba ya yi. Abin da ake so shi ne tarampe, wanda mutane suka fi sani da Securit, irin na tagogin gefen mota da ƙofofin banki. An gasa shi an huce shi da iska, ya fi na taga ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar, kuma in ya fashe ƙanana-ƙanana yake zuba kamar tsakuwa, bai cika yanka mutum ba. Ka aiko awo a yi maka. Sai dai ka auna da kyau, don in an gama gasa shi ba a sake yanka shi, ba a huda shi.

Ɗan Adar a Liyon:
Yaya Baban Hadiza ina gaisuwa, a gaida min Inna. Wanga aiki shi nike ci da shi nan Faransa, girka murhun icce da bututunshi, don haka ku yi min haƙuri in yi dogon rubutu.

Kafin maganar gilashi, turo min abu huɗu: faɗi da tsawon kowane baki, faɗin ramin bututu daga ciki, tsawon bututun daga inda wuta ke ci har ƙarshenshi, sannan wane ɓangare baranda ke kallo.

Baban Hadiza (Tahoua):
Ƙanena na gode. Na auna yanzu da mita. Manyan biyu kowane santimita 80 faɗi, 60 tsawo. Ƙaramin 50 da 60. Ramin bututu 25 da 25. Tsawonshi mita 3 da rabi, kanshi daidai da katangar saman dal, wato rufin siminti. Baranda gabas take kallo, ta ɗan karkata arewa.

Ɗan Adar a Liyon:
To ga ciwon nan ya fito, kuma ba magininka kaɗai ke faɗawa ciki ba, har nan muna iske irinshi.

Bututu kamar maƙogwaro yake, akwai iyakar abin da yake iya haɗiyewa. Ƙa'idar da maginan murhu ke bi ita ce ramin bututu ya kai kashi ɗaya cikin goma na girman bakin murhu, wato faɗi sau tsawo. In baki uku ne, ukun a ke tarawa, don iska ta kowane tana shiga kuma duk ta rami guda za ta fita. Mu lissafa. 80 sau 60 ya ba da 4,800. Biyu ke nan 9,600. Ƙaramin 3,000. Jimla 12,600. Kashi ɗaya cikin goma 1,260, wato rami mai kamar 35 da 36. Naka 25 sau 25, 625 ne. Rabin abin da a ke so. Bututunka na iya ɗaukar babban baki guda a buɗe, 4,800, har da ɗan rara. In ka ƙara mishi ƙaramin sun zama 7,800, ya fi ƙarfinshi.

Na biyu, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma ka buɗe mata baki daidai inda take fitowa. Tana shiga ta baranda, ta ratsa wuta, ta kwashi hayaƙi da tartsatsi ta zuba falo. Ko bututun ya kai girman rijiya sai ta yi maka haka.

Na uku, abin da ke jan hayaƙi sama bambancin zafi ne tsakanin cikin bututu da iskar waje, tare da tsawon bututun. Nan waje na iya sauka sifili. Tahoua da dare cikin Janairu wajen digiri 14 ko 15 ne. Ke nan jan da bututunku ke yi bai kai na nan ba, ga shi kuma gajere. A ƙara mishi tsawo ya wuce katangar dal da kamar mita guda. Dokar nan ma cewa ta yi kan bututu ya ɗara ƙololuwar rufi da santimita 40, da duk wani gini da ke kusa da shi cikin mita 8.

Don haka amsar tambayarka ta biyu: baki biyu rufe su ya zama dole, kuma na baranda rufewa ta dindindin.

Malam Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Ku gafarce ni, ni fa abin bai kwanta min ba tun daga tushe. Shekara talatin na yi ina gadin itace. Na ga motocin icce na shigowa Yamai daga yankin Say da Torodi kullum safiya, na ga yadda geza da sabara suka ja baya. Ku mutanen Adar kun fi kowa sanin wahalar da aka sha a Keita kafin tsaunukan nan su sake yin kore. Muna ta roƙon mata su koma gas tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011, yanzu kuma masu hali za su fara gina murhun ƙona icce cikin falo? Sanyin namu kwana nawa ne? Bargo biyu da safa ba su isa ba? In ɗaya ya yi, gobe maƙwabci zai yi don a gani.

Baban Hadiza (Tahoua):
Baba na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Bargo akwai, har uku na saya mata. Amma tsohon da ya tashi da jin wuta, in ka ce mishi bargo kamar ka hana mishi hira ne. Wurin wuta take jan tasbaha, wurin wuta jikoki ke zagaye ta. Na gwada mata hita ta lantarki, in kuran ya ɗauke tsakar dare shi ke nan. Iccen kuma dogon yaro huɗu gare ni cikin gida, duk shekara sai an sassabe su, rassan nan nike tarawa. Na yi maka alkawari ba a kawo min gawo ko ɗanyen icce daga daji.

Malam Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
In rassan gidanka ne ban da ja. Amma ka bar su su bushe sosai, na bara a ƙona bana. Ra'ayina game da yaɗuwar abin yana nan yadda yake.

Ɗan Adar a Liyon:
Baba, abin da ka faɗa ma hujja ce ta a rufe murhun. Buɗaɗɗen murhu kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin icce kaɗai yake ba ɗaki, sauran sama yake tafiya. Rufaffen da masana'anta ke ƙerawa na kai kashi 70. Na hannu da za a yi ma Yaya ba za ya kai nan ba, amma icce za ya daɗe shina ci fiye da yanzu nesa ba kusa ba.

Yanzu gilashi. Ɗan'uwa Mai Gilashi, ban ƙi taka ba duka. Tarampe na jure zafi har wajen digiri 250. Amurka da shi su ke yin ƙofofin murhu da yawa, amma sharaɗin da a ke rubutawa jikin takardar shi ne ƙofa a buɗe take in wuta na ci, sai ta mutu a rufe. Mu kuwa nan so mu ke baki biyu su zamna rufe wuta na ci, kuma murhun da ke cikin bango ba shi da zurfi, harshen wuta za ya riƙa lasar gilashin. Harshen wutar icce na wuce digiri 600. Ranar da tarampe ya gaji ba tsagewa yake ba, tarwatsewa yake gaba ɗaya lokaci guda, kuma Inna ce zaune gabanshi.

Wanda a ke so sunanshi bitroseramik. Dangin baƙin farantin nan ne na murhun girki na lantarki, sai dai shi a na gani ta cikinshi. Zafi kusan ba ya buɗa shi ko kaɗan, shi ya sa yake ɗaukar sama da digiri 700. Kaurinshi milimita 4 ne galibi, wani 5. Sunayen da za ku ji: Robax na kamfanin Schott na Jamus, da Neoceram na Japan.

Mai Gilashi (Wadata, Yamai):
Na san shi, amma a gaya wa Alhaji gaskiya: ba kowane shago ke ajiye shi ba, odarsa ake yi, kuma kuɗinsa ya ninka na tarampe sau da yawa. Sannan ba shi da ƙarfin duka. In guntun icce ya faɗo masa ko yaro ya jefe shi da dutse, fashewa yake manya-manya kamar na taga. Ni a ganina ƙaramin bakin nan na lungu tarampe zai iya, in an ja wutar baya.

Ɗan Adar a Liyon:
Maganar duka gaskiyarka, ba shi da ƙarfinta. Amma ja da wuta baya, wa za ya tsare wannan kullum? Yau Yaya ne ya hura, gobe yaron gida ne, ya tura icce har ya jingina da gilashi. Ni ba ni sa hannu ga tarampe ko a ƙaramin.

Mai Gilashi (Wadata, Yamai):
To mun bambanta a nan. Amma in bitroseramik ɗin za a saya, ga yadda ake gane shi don kada a sayar wa Alhaji wani abu da sunansa. Ka dubi bakin gilashin ta gefe. Na taga kore-kore ne. Wannan kuwa ruwan zuma-zuma yake, kamar shayi marar ƙarfi. Tarampe yana da ɗan hatimi a kusurwa. Kuma shi bitroseramik ana yanka shi da abin yankan gilashi, don haka ka ce a ba ka ɗan guntun da ya rage. Ka ɗora guntun kan gas ya yi zafi sosai, ka tsaya nesa ka zuba masa ruwa. In shi ne, ko gezau.

Magini ɗan Bouza:
Salamu alaikum. Ni tambaya gare ni. Mi ya sa dole sai gilashi ga bakin baranda? A liƙe shi da jan bulo gasasshe da laka a huta. Bulon ma riƙe zafi yake, shina saki sannu-sannu har asuba, abin da tsohuwa ke so ke nan. Wani ma ya ce min gilashin gaban mota na yi, ga su nan banza wurin masu gyara.

Mai Walda Katako (Yamai):
Na gaban mota kam a'a. Gilashi biyu ne aka manna da leda a tsakani, wuta na taɓa shi ledar za ta narke ta yi wari. Amma maganar bulo magana ce. Ko kuma a sa farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4, waɗanda ke baranda za su ji ɗuminsa, wutar ce kawai ba za su gani ba.

Magini ɗan Bouza:
Kuma Alhaji duba cikin murhun. In bulon siminti anka sa, a shimfiɗa mishi jan bulo ta ciki. Siminti ba ya shiri da wuta, ko na Malbaza ne mai kyau, bayan ƴan watanni za ka ga shina farfashewa shina zuba.

Maman Sultana (ma'aikaciyar jinya, Yamai):
Ina ta karantawa, har yanzu ba wanda ya yi maganar yara sai a wucewa. Alhaji jikoki nawa ke gidan, kuma akwai mai rarrafe?

Ina tambaya ne don mutane na ɗauka in an sa gilashi an kare yaro. Ba haka ba ne. Yaro na tsoron harshen wuta, amma gilashi ba ya ba shi tsoro, yana ganin haske yana rawa a ciki sai ya je ya dafa da tafin hannu biyu. Gilashin nan yana wuce digiri 200, kuma bayan wuta ta mutu yana daɗewa bai huce ba. Fatar tafin hannun jariri siririya ce, kafin ya janye an gama. Ƙunar tafin hannu kuwa tana daga cikin masu wuyar jinya, don in ta warke yatsu na iya ƙanƙancewa. A Amurka tun Janairun 2015 sai da aka wajabta wa masu ƙera murhun gas mai fuskar gilashi su haɗa shi da ragar kariya, saboda yawan yaran da suka ƙone.

Ke nan raga iri biyu kake bukata. Ta tare tartsatsi a bakin da za a riƙa buɗewa, da ta tare yara a gaban duk inda gilashi ko ƙarfe yake, har na baranda. Ta biyun ta tsaya nesa da gilashin, a kafe ta jikin bango yadda yaro ba zai jawo ta ba.

Inna ma a kula da zanenta da mayafinta. Yadin roba na yanzu in ya kama narkewa yake ya manne a fata. In tsautsayi ya faru, ruwa mai sanyi na famfo a yi ta zubawa minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai ko manja, sannan a tafi likita.

Baban Hadiza (Tahoua):
Hajiya jikoki biyar, ƙaramin wata goma gare shi, yanzu ya fara kama abu shina miƙewa. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Allah ya saka.

Maman Sultana (ma'aikaciyar jinya, Yamai):
Amin. Abu na ƙarshe. Abin da ya kayar da Inna bara iskar gawayi ce, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Bututu na rage haɗarin amma bai kashe shi ba, musamman da asuba in wuta ta zama garwashi bututu ya huce ya daina ja. A bar taga ɗaya a ɗan buɗe, kada ta kwana a falon ƙofofi a rufe, kuma a sayi ƴar na'urar nan mai batir da ke ƙara in iskar ta taru. Ƙanenka na Liyon zai iya aiko maka.

Ɗan Adar a Liyon:
Na ɗauki wannan, biyu zan aiko, guda falo guda ɗakinta.

Mai Walda Katako (Yamai):
Bari in yi bayanin ƙarfen, ka nuna wa mai waldarka na Tahoua, ba sai an kawo aikin Yamai ba.

Firam da korniyar baƙin ƙarfe za a yi, sandar ƙarfen nan mai kusurwa. Ban da alminiyom, a digiri 660 yake narkewa, kuma tun kafin nan ya yi laushi ya lanƙwashe. Kowane baki a auna shi daban, faɗi wuri uku, tsawo wuri uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Kada a ce manyan biyu ai ɗaya ne, aikin hannu ba ya zuwa daidai. A fara gama firam a kafa shi, sannan a auna gilashi daga jikin firam ɗin. Masu yin odar gilashi kafin firam su ne ke kuka.

Wurin da aka fi kuskure: ƙarfe na buɗawa da zafi, gilashin nan ba ya buɗawa. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya in ya ƙaru da digiri 300 yana ƙara kusan milimita 3 da rabi, in ya huce ya koma. Don haka a rage gilashin milimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, kada ya taɓa ƙarfe kai tsaye. A naɗa masa igiyar zaren gilashi mai faɗi, irin ta ƙofar murhu, a riƙe shi da ƴan ƙarafa da noti, a ɗaure da yatsa a ƙara kaɗan. In aka matse shi, ranar farko zai tsage daga wurin notin. Silikon na taga da roba ba su shiga wannan aiki.

Raga kuma ta baƙin ƙarfe ko inoks, farin ƙarfen da ba ya tsatsa, idonta kada ya wuce milimita 5 ko 6, in ya fi haka tartsatsi na wucewa. Ragar sauro ba ta yi. Giriyaji, ragar shinge mai farin shafin da ake ce wa galba, shi ma a bar shi. Duk mai walda ya san farin hayaƙin da yake yi in wuta ta ci shi da zazzaɓin da ke biyo baya da dare. Fenti a nemi na zafi, irin na salansar mota. Mariƙin ƙofa a yi shi da nannaɗaɗɗiyar waya ko a sa masa icce.

Hajiya Babba:
To in an rufe ko'ina wutar da me za ta yi numfashi? Ko murhun girki in ka toshe shi mutuwa take.

Ɗan Adar a Liyon:
Hajiya tambayarki ita ce ta rage. Ƙasan firam na baranda a bar ƴan ramuka da marfi mai zamewa, wuta ta sha iskar waje ta ƙasa, a ƙara ko a rage yadda a ke so. Saman kowane gilashi kuma a bar siririyar kafa ta ƴan milimita, iska na gangarowa ta jikinshi tana rage mishi kunkunniya.

Sannan wani abu da ya shafi ƙasarmu: wata goma murhun nan ba ya aiki. A yi ma kan bututu hula da raga saboda ruwan sama da tsuntsaye da jemagu, a yi marfi cikin maƙogwaronshi da za a rufe lokacin zafi, in ba haka ba ƙura ta shigo, sanyin kilim ya fita. Amma muddin da sauran garwashi ko ɗaya, marfin nan a buɗe.

Yaya, kafin ka sayi komi yi gwaji. Samu tol biyu, fallen ƙarfe, ka toshe bakin baranda da ƙaramin, ka liƙe gefensu da laka. Ƙona takarda cikin maƙogwaron bututu ya ɗumama, sannan ka hura wuta ƙarama. In har yanzu hayaƙi na leƙowa ta saman bakin falo, tara wani guntun tol mai santimita 10 daga sama ka gani.

Maman Sultana (ma'aikaciyar jinya, Yamai):
A ɗauke kafet da tabarmar leda daga gaban kowane baki, a bar rabin mita na tayil ko siminti.

Baban Hadiza (Tahoua):
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana huɗu. Mun yi gwajin jiya bayan isha'i, Inna na gidan ƙanwata. Da munka toshe biyun, hayaƙi ya kama hanya, ina tsaye tsakar gida ina ganinshi shina fita sama. Sai in iska ta buso da ƙarfi ne yake ɗan leƙowa falo. Munka tara guntun tol na santimita 10, ya daina. Magini ya ga abin da idonshi, gobe za ya fara ƙara tsawon bututu da shimfiɗa jan bulo.

Ga abin da na yanke. Bakin baranda farantin ƙarfe za a sa, da ramukan iska ƙasa, don ban ga dalilin kashe kuɗin gilashi saboda masu shan shayi ba, ɗumi ya ishe mu. Ƙaramin na lungu bitroseramik, kafaffe, don Inna ta riƙa hango wuta daga ƙofar ɗakinta. Na falo raga mai ƙyaure biyu yanzu, ƙofar gilashi in Allah ya hore baɗi. Ragar yara ta zagaye duka ukun. Malam Mai Gilashi ka yi haƙuri ban bi ta tarampe ba, amma odar ta hannunka nike so ta bi in za ka iya. Abin da ke damuna hanya, kilomita sama da 500 daga Yamai, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Ƙaƙa za ya iso lafiya?

Mai Gilashi (Wadata, Yamai):
Ba komai Alhaji, gidanka ne. Turo awon bayan an kafa firam, ba kafin nan ba. Zan sa a goge masa baki, in yi masa akwatin katako da soso ciki. A tsaye zai yi tafiya, kan gefensa, ba a kwance ba, kuma kada ya shiga ƙarƙashin kaya a motar haya. In kana da wanda zai taho da ƙaramar mota, a jingina shi bayan kujera a ɗaure.

Hajiya Babba:
In ya yi baƙi kada a sa masa soson ƙarfe. Ƴata da ke aure Agadez da jiƙaƙƙen tsumma take dangwalo toka ta goge nata, bayan ya huce sarai, sannan ta bi da busasshe.

Malam Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Rassan dogon yaron a faskara su tun yanzu a jera inda rana ke bugu. In akwai turare cikinsu a ware, yana da tartsatsi. Katako mai fenti da leda kada su shiga wutar. A gaida Inna, a ce ta sa mu a addu'a.

Baban Hadiza (Tahoua):
Za ta ji, Baba. Mai walda na zuwa ɗaukar awo ranar Asabar bayan la'asar.